Yadda Ake Amfani da Kiɗa Don Rage Zafi da Fargaba Lokacin Duban Hanji da Kyamara

Duban babban hanji da kyamara, wanda likitoci ke kira kolonoskofi, gwaji ne da mutane da yawa ke gudu tun kafin su san yadda ake yin sa. Ana zura wani bututu mai lanƙwasuwa ta dubura, kaurinsa milimita 12 zuwa 13, tsawonsa kusan santimita 160, da kyamara da fitila a bakinsa. Likita yana bi da shi har farkon babban hanji, can ƙasan ciki ta gefen dama, sannan ya janyo shi a hankali yana duba bangon hanjin. Aikin kan ɗauki minti 20 zuwa 45. Da shi ake gano ƙananan tsiro a cire su kafin su rikiɗe su zama ciwon daji, kuma da shi ake neman dalilin zubar jini ko gudawar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Manyan asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano da na Shika a Zariya suna yin sa.

Ba kowa ake sa wa barci mai nauyi ba. Da yawa allurar kwantar da jiki kaɗan ake ba su, wasu kuma ana yi musu idonsu biyu. A nan ne kiɗa ke da amfani. Sai dai amfanin nasa yana bin shirin da aka yi masa, kuma akwai iyakar da ba ya wucewa.

Daga ina zafin yake fitowa

Fatar cikin hanji ba ta jin yanka kamar fatar jiki, shi ya sa ake gutsuro ɗan nama don gwaji ko a cire tsiro mutum bai sani ba. Abin da hanji ke ji shi ne miƙewa da kumbura. Kumburin daga iskar da ake hurawa ne don hanjin ya buɗe a ga ciki. Miƙewar kuwa daga lanƙwasa take zuwa. A ƙasan ciki ta hagu akwai wani ɓangare mai murɗiya wanda ba a manne yake da bangon ciki ba. Idan likita ya tura bututun, wani lokaci maimakon bakinsa ya yi gaba sai tsakiyarsa ta yi gammo, kamar yadda mazagi ke tattarewa idan ana zura shi a wando. Wannan gammon yana jan tantanin da ke riƙe da hanji, sai mutum ya ji murɗa mai ƙarfi. Akwai kuma kwana biyu masu tsauri, ɗaya ƙarƙashin saifa, ɗaya ƙarƙashin hanta.

Wato zafin ba ya zama a kan mutum tun daga farko har ƙarshe. Yana zuwa ne jefi-jefi, galibi a lokacin shiga, kowane ƙaro na 'yan daƙiƙoƙi zuwa minti ɗaya ko biyu. Lokacin fitowa, wanda ƙa'ida ta ce kada ya gaza minti 6, yawanci ba a jin komai sai cikar ciki.

Fargaba tana ƙara wa wannan zafi nauyi ta hanyar da ake iya gani da ido. Mai jin tsoro yana riƙe numfashi, yana ɗaure naman cikinsa, yana matse dubura, zuciyarsa tana bugu da sauri. Idan ciki ya ɗaure, nas ɗin da ke danna shi da tafin hannu don hana bututun yin gammo ba za ta iya kai hannunta inda ake so ba. Gammon ya ƙaru, zafin ya ƙaru, tsoron ya ƙaru. Kiɗa mai taushi yana tsinka wannan zagaye ta wurare uku: yana ɗauke hankali daga jiran zafi, yana ba numfashi ma'aunin da zai bi, yana kuma rufe ƙarar injin zuƙe ruwa da maganganun ma'aikata waɗanda majiyyaci kan fassara da mummunan labari.

An gwada wannan a asibiti. A 2002 likitoci a Hong Kong suka yi nazari a kan mutum 165 da aka yi wa duban hanji, suka ga waɗanda ke sauraron kiɗa sun buƙaci maganin barci ƙasa da na waɗanda ba sa sauraro. A 2015 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani nazari da ya tattara gwaje-gwaje 73 na mutane kusan 7,000 da aka yi wa tiyata iri-iri, ya nuna kiɗa ya rage zafi da fargaba da yawan maganin kashe zafi. A kan duban hanji kansa, binciken da aka tattara ya fi ƙarfi wajen raguwar fargaba da gamsuwar majiyyaci, wajen zafi kuwa wasu sun ga bambanci wasu ba su gani ba. Don haka a riƙi kiɗa a matsayin mataimakin magani. Duk wanda ya ce wa majiyyaci ya bar allura ya dogara da waƙa bai yi masa adalci ba.

Zaɓen abin da za a saurara

Abin da ma'aikatan jinya masu bincike suka fi ba da shawara shi ne kiɗa mai tafiya a hankali, bugu 60 zuwa 80 a minti ɗaya, kusa da bugun zuciyar mutum yana hutawa. Auna shi ba wuya. A kunna, a riƙa taɓa yatsa a cinya daidai da bugun na tsawon daƙiƙa 15. Idan an ƙirga 15 zuwa 20, ya yi. Idan ya haura 25, wannan na rawa ne, a ajiye shi sai ranar biki.

Bayan sauri, a duba ko sautin yana tafiya bai ɗaya. Wanda ke farawa a sanyaye sannan ganguna su ɓarke a tsakiya yana sa mutum ya zabura, zabura kuwa tana ɗaure ciki a daidai lokacin da ake so ya saki. Busar sarewa, kaɗa gurmi ko molo a natse, kiɗan kora na ƙasar Mali, fiyano mai sanyi, duk suna shiga. Kalangu da gangar taushi ta fada da waƙoƙin zuga ba a yi su don kwanciya ba. An fi son wanda ba shi da baiti, domin kalmomi suna jan tunani zuwa wani wuri, amma wannan ba doka ba ce. Nazarin nan na 2015 bai ga wani babban bambanci ba tsakanin wanda ya zaɓi kiɗansa da wanda aka zaɓa masa, saboda haka kada neman wanda ya fi kowanne ya zama wata sabuwar damuwa. Abu ɗaya ne lallai a kauce masa: waƙar da ke tuna wa mutum mamaci, ko rabuwa, ko wata jinya da ta wuce. Kuka yana sa ciki ya riƙa harbawa, ga kuma toshewar hanci a lokacin da ake so numfashi ya tafi sumul.

Mutane da yawa a ƙasar Hausa ba sa sauraron kiɗa saboda dalilin addini, kuma bai kamata a matsa musu ba. Abin da ake nema shi ne sauti mai daidaito wanda zuciya ta natsu da shi. Karatun Alƙur'ani mai sanyi yana yin wannan aiki ga mai shi, an kuma yi nazarce-nazarce a asibitocin Iran da wasu ƙasashen Musulmi da suka nuna yana rage fargaba kafin a yi wa mutum aiki. Akwai waɗanda ba sa jin daɗin sauraron karatu a cikin ɗakin gwajin kansa, saboda halin da jiki yake ciki na buɗewa da fitar ƙazanta. Mai irin wannan damuwa ya tambayi malaminsa tun da wuri. Hanya mai sauƙi ita ce ya saurari karatu a ɗakin jira, idan an kira shi ya koma sautin ruwan sama ko na ƙorama. Ƙasidu da ake rerawa ba kiɗa su ma suna yi, haka waƙoƙin coci masu taushi ga Kirista.

A tara abin da zai kai awa ɗaya da rabi ba tare da an taɓa wayar ba: minti 30 na jira, har zuwa 45 na aikin, sauran na ɗakin farfaɗowa. Jira a asibiti yakan wuce yadda aka ce, don haka a sa jerin ya riƙa maimaita kansa. A kuma saurare shi gaba ɗaya aƙalla sau biyu a gida, a kwance. Ta haka ake kama waƙar da ta fi sauran ƙara, ko wadda mai haɗawa ya cusa tallan kansa a tsakiya. Ta haka kuma jiki ke sabawa ya haɗa wannan sauti da hutu.

Waya da abin kunne

Yawancin matsalolin da ake samu daga nan suke fitowa, kuma duk ana iya tare su. A sauke komai a cikin wayar, kada a dogara da intanet, domin ɗakunan gwaji kan kasance can ciki inda sabis ba ya kaiwa, manhajojin kyauta kuma suna jefo talla mai ƙara ba zato. A cika caji tun dare. Kafin a shiga, a sa wayar a tsarin jirgin sama don layi ya katse, in ba haka ba 'yan'uwa masu kiran "ya jiki?" za su shigo kunne a tsakiyar aiki. A duba agogon farkawa da manhajar kiran salla, domin su ba sa buƙatar layi kafin su yi ƙara. A rage su na wannan awar, a mayar bayan an fito.

Ana fara gwajin ne mutum yana kwance a gefen hagu, gwiwoyi a naɗe. Kunnen hagu ke nan yana kan matashi. Babban hedifon mai rufe kunnuwa yana gocewa ko ya danne kunne a wannan kwanciya. Ƙaramin iyafis mai bakin roba mai taushi ya fi. Mai tauri na leda yana cizon kunne, kuma wanda aka yi wa allura ba zai ji ba sai ya farka. Mara waya, mai aiki da Bluetooth, yana hana sarƙewa da robar oksijin ta hanci da kanula, wato robar allurar da ke hannu, amma yana iya faɗuwa lokacin juyi ya ɓace cikin zanen gado. Mai waya ba ya ɓacewa. Idan shi za a sa, a bi da wayarsa ta bayan wuya zuwa sama da matashi, kada ta bi ta ƙirji. Ita kanta wayar salular a saka ta a farar leda, a ajiye ta wajen kai, nesa da ƙasan gado inda ruwa ke zuba.

Kada a taɓa haɗa waya da caja alhali iyafis yana kunnen majiyyaci. Idan an ga tsiro, akan yi amfani da na'urar ƙona jijiya mai aiki da lantarki, kuma ba a son wata hanyar wuta ta daban ta haɗu da jikin mutum. Wasu asibitoci ma suna cewa a cire duk wani ƙarfe kafin a kunna ta. A bi abin da suka ce. Wanda aka dasa wa batirin zuciya ya sani cewa akwai maganaɗisu a cikin iyafis da waya, don haka a nisanta su da wurin dashen da aƙalla santimita 15, kada a ɗora su a ƙirji ko a aljihun gaba.

Ƙarar kada ta wuce ta hirar yau da kullum, wato kusan desibel 60. A yawancin wayoyi wannan ƙasa da rabi ne. Gwajinsa shi ne wani ya tsaya nisan hannu ya yi magana da muryarsa ta kullum. Idan sai ya ɗaga murya aka ji shi, a rage. Iyafis mai kashe hayaniyar waje a kashe masa wannan aikin.

Dalilin wannan tsanani yana da muhimmanci. Nas tana auna zurfin allurar ne da yadda mutum ke amsa kira. Midazolam da fentanil ko fetidin, magungunan da aka fi haɗawa a allurar, suna iya rage numfashi. Idan ta kira suna ba a amsa ba, dole ta san ko magani ne ya yi yawa ko kiɗa ne ya toshe kunne. Saboda haka ga wanda aka yi wa allura, shawarar da ta fi ita ce iyafis ɗaya a kunnen da ke ƙasa, a ɗan lotsa matashin don kada ya danne, a bar kunnen sama a buɗe. Wanda ake yi wa ba allura yana iya sa duka biyu da ƙara kaɗan. Wanda za a sa wa barci mai nauyi da furofofol kuwa, kiɗan ya fi yi masa amfani kafin a fara da bayan an gama.

Daren wankin ciki

Da yawa daga waɗanda aka yi wa gwajin sukan ce shan maganin wankin ciki da ake yi kafin gwajin ya fi gwajin wahala. Ya danganta da irin wanda aka rubuta, lita 2 ne ko lita 4, kuma an fi so a raba shi biyu: rabi da yamma, rabi da asuba, a gama aƙalla awa 2 kafin lokacin gwaji. Ana shan kofi ɗaya, kusan mililita 250, duk minti 10 zuwa 15. Kiɗa yana iya zama agogo a nan. A jera waƙoƙi masu tsawon kusan minti 10, duk wadda ta ƙare a sha kofi. Hankali yana barin ɗanɗanon maganin, kuma ba a gaggauta sha har ya kawo amai. Idan tashin zuciya ya zo, a dakata minti 30, a sanyaya maganin, a ci gaba da tsinken sha. Mai sauraron karatu ya ajiye wayar a ɗaki idan zai shiga bayi.

Wankin nan yana da alaƙa da zafin gobe. Hanjin da bai wanku ba yana sa likita ya daɗe yana wankewa yana zuƙewa yana ƙara iska, wani lokaci ma a ce a dawo a sake. Babu sautin da zai gyara wannan.

A asibiti

A faɗa wa nas tun a wurin rajista cewa ana so a saurari wani abu. Bayanin likita, sa hannu a takardar amincewa, tambayoyin magungunan da ake sha da waɗanda jiki ba ya karɓa, duk a yi su kunne a buɗe. Bayan nan sai a kunna, minti 20 zuwa 30 kafin a shiga. Fargaba tana kai ƙololuwa ne a kan bencin jira, lokacin da mutum ke sanye da rigar asibiti, cikinsa babu komai, yana ganin ana turo wasu a kan gado. Wanda ya bari sai ya hau gadon gwaji ya fara laluben waya ya makara.

Mai ciwon suga ya kula. Rawar jiki, zufa da bugun zuciya bayan azumin wankin ciki suna iya zama faɗuwar suga, alamominta kuwa sak na fargaba ne. A nemi a auna kafin a ce tsoro ne.

Kafin a fara, a yi yarjejeniyar alama da nas. Misali ta ce: "Baba, in na taɓa kafaɗarka sau biyu, magana nake so mu yi. In ka ji ciwo, ɗaga hannunka na dama, za mu tsaya." Ko kuma: "Hajiya, kada ki daure ki yi shiru, faɗar ciwon taimakonmu ne." Wannan jimla ta biyu ta fi kowace muhimmanci ga mutanenmu, waɗanda aka tarbiyyantar a kan cewa nuna ciwo rashin jarumta ne ko rashin kunya. Zafi labari ne ga likita. Yana gaya masa bututun ya yi gammo, sai ya janyo baya ya miƙe shi, ya zuƙe iska, ya ce a danna ciki ko a juya mutum rigingine. Majiyyacin da ya cije ya ƙara ƙarar waƙa ya hana likita wannan labari.

Idan an fara shiga, a haɗa numfashi da kiɗan. A kiɗa mai bugu 60, kowane bugu daƙiƙa ɗaya ne. A shaƙa ta hanci a ƙirga 4, a fitar ta baki a hankali a ƙirga 6. Numfashi 6 ke nan a minti ɗaya. Fitarwar ce ke sakin naman ciki, don haka ita ake tsawaitawa. A bar muƙamuƙi a sake, haƙora kada su haɗu, tafin hannu a buɗe. Idan murɗa ta taso, kada a riƙe numfashi. A zaɓi abu ɗaya a cikin kiɗan, sarewar kawai ko tsirkiya ɗaya, a bi ta har murɗar ta wuce. Idan ta wuce numfashi uku ko huɗu ba ta sassauta ba, a ɗaga hannu. Masu shaƙa da sauri suna jin jiri da tsikarin yatsu, maganinsa a rage sauri a tsawaita fitarwa. Iska kuma idan ta nemi fita a bar ta. Ma'aikatan sun saba, fitar tata ma sauƙi take kawowa.

Zufa mai sanyi, tashin zuciya da ganin duhu-duhu suna iya zama alamar cewa jan hanji ya sa bugun zuciya ya sauka. A faɗa nan take. Nas ta cire iyafis ɗin, ta duba na'urar da ke maƙale a yatsa da awon jini.

Lokacin juyi, nas ta dafe iyafis da hannu ɗaya ko ta cire shi, a gama juyawa a mayar. Idan an koma gefen dama, a mayar da shi kunnen dama.

Akwai waɗanda tun farko an san gwajin zai fi yi musu wuya: mata, musamman waɗanda aka cire wa mahaifa ko aka yi wa wata tiyata a mara, masu siririn jiki, masu kumburin hanji, da wanda aka taɓa yi wa ya sha wahala. Waɗannan su tattauna maganar allura da likita tun ranar da aka ba su lokaci. Su kuma tambaya ko asibitin yana hura iskar kabon dayoksaid maimakon iskar ɗaki, domin jiki yana tsotse ta da sauri fiye da sau 100, kumburin bayan gwaji ya ragu sosai. Wasu likitoci suna shiga da ruwa mai ɗumi maimakon iska, wannan ma yana rage zafi. Waɗannan dabaru sun fi kiɗa tasiri a kan ciwon kansa, kiɗan yana zuwa ne a kansu.

Ba kowa kiɗa ke yi wa daɗi ba. Wani natsuwarsa ita ce ya kalli allon da ke nuna cikin hanjin ya ji likita yana cewa ga inda muke, saura kaɗan. A bar shi da abin da ya zaɓa. Mai na'urar ji a kunne ya bar ta a wurinta, a ajiye masa ƙaramar sifika kusa da matashi. Tsohon da ya rikice, ko wanda bai taɓa sa abu a kunne ba, iyafis na iya ƙara firgita shi.

Ga ma'aikatan sashen

Sashen da ke son ya mayar da wannan al'ada ba ya buƙatar kuɗi mai yawa: tsohuwar waya ɗaya ko biyu marasa layi, jeri huɗu ko biyar da suka haɗa da kiɗan gargajiya mai taushi, karatu, waƙoƙin coci da sautin ruwa, sai hedifon da ake iya gogewa. A rubuta a takardar shirin da ake ba majiyyaci cewa yana iya zuwa da nasa, wannan ya fi tsabta. Na asibiti a goge shi da sifirit mai kashi 70 bayan kowane mutum, a bar shi ya bushe, robar bakin iyafis kuwa a canja ta.

Idan sifikar ɗaki za a kunna, zaɓin na majiyyaci ne. Rediyon da ma'aikata ke jin labarai ko sharhin ƙwallo ba ya cikin wannan magana. Ƙarar ta kasance ƙasa da ta na'urar sa ido, yadda za a ji canjin sautinta idan oksijin ya sauka. A dakatar da kiɗan lokacin tabbatar da suna da aikin da za a yi, da kuma lokacin cire tsiro, domin a nan likita da nas suna aiki ne da umarnin "buɗe" da "rufe" abin kama tsiron, kuskuren ji kuwa yana iya jawo zubar jini. A tuna kuma mai iyafis yana ji. Kada a yi maganar abin da aka gani a allo kamar ba ya nan.

Don a san ko abin yana aiki a sashen, a tambayi majiyyaci ya ba fargabarsa maki daga 0 zuwa 10 kafin a kunna da kuma daf da shiga, ya ba zafin maki bayan ya farfaɗo, a rubuta yawan allurar da aka yi masa da ko an kai ƙarshen hanji. Kada a rage allura tun farko don an ga iyafis a kunne. A fara yadda aka saba, a ƙara ko a dakata gwargwadon yadda mutum yake.

Bayan an gama

A bar kiɗan ya ci gaba a ɗakin farfaɗowa, inda ake zama minti 30 zuwa awa ɗaya. Kwanciya a gefen hagu da ɗan tattaki suna taimaka wa iska ta fita. A cire iyafis idan likita ya zo bayani, ɗan rakiya kuma ya kasance a wurin, domin midazolam yana sa mantuwa, mutum ya amsa da kyau amma ya isa gida bai tuna komai ba. Wanda aka yi wa allura ba ya tuƙa mota ko babur, ba ya sa hannu a wata takarda mai muhimmanci, har sai bayan awa 24.

Kumburi da ɗan murɗa na 'yan awoyi ba abin damuwa ba ne. Ciwon ciki mai ƙaruwa, ciki ya yi tauri, zazzaɓi, amai, jiri, ko jini mai yawa ta dubura, waɗannan ba na kwanciya a saurari wani abu ba ne. Hujewar hanji ba ta cika faruwa ba, ƙasa da mutum 1 cikin 1,000 ne, amma tana buƙatar gaggawa, zubar jini kuma yana iya zuwa har mako biyu bayan cire tsiro. A koma asibiti nan take, da takardar sakamakon gwajin a hannu.